Filin Masu Karatu: Tara Taragun Kaya da Manyan Motoci don Ƙaramin Layin Dogo

Masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa, waɗanda ake shimfiɗa wa layi a kan tebur su riƙa tafiya da wutar lantarki, suna ta ƙaruwa a tsakanin masu karatunmu na Ngaundere da Garwa da Marwa har zuwa Injamena. Akasarin wasiƙun da suka iso a wannan karon sun shafi taragun kaya ne da manyan motocin da ke jiran su a tasha, saboda haka muka ware filin baki ɗaya domin su.

Daga wani malamin makaranta a Ngaundere: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke zaune a Faransa ya aiko mini da kan jirgi guda, da taragun fasinja biyu, da layi mai zagaye, an kuma rubuta HO a jikin kwalin. Na taso ne a kusa da tashar jirgi, mahaifinmu ma dako ya yi a can har ƙarfinsa ya ƙare, don haka burina shi ne in gina tashar kaya irin tamu a kan tebur. Da wane tarago ya kamata in fara, kuma nawa zan tara?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka wa mahaifinku da alheri. Abu na farko da za ka riƙe shi ne waɗannan haruffa biyu da ka gani a kwali, domin su ne ma'aunin duk abin da za ka saya nan gaba. HO na nufin an rage komai sau 87, faɗin layin kuma milimita 16.5 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Akwai N da aka rage sau 160 mai layin milimita 9, akwai TT da aka rage sau 120 mai layin milimita 12, kuma ba ɗayansu da zai hau layinka. Wanda ya fi rikita mutane shi ne OO na Ingila, saboda yana hawa layin milimita 16.5 lafiya lau alhali an rage shi sau 76 ne kawai, sai ka ga tarago ɗaya ya yi wa 'yan'uwansa girma ba tare da ka san dalili ba. Ka karanta kwali kafin ka biya kuɗi, idan kuma babu kwali ka juya taragon ka duba ƙarƙashinsa, yawanci a nan ake rubuta sunan kamfani.

Game da abin da za ka fara da shi, kai ne ka fi kowa sa'a a cikin masu rubuto mana, domin amsar tana bakin ƙofarka. Jirgi ya iso Ngaundere a shekarar 1974, bayan da layin ya kai Belabo a 1969, kuma har yau nan ne ƙarshen dogo. Duk abin da ya taso daga tashar ruwa ta Duwala zuwa Garwa da Marwa da Kusiri da Chadi, idan ya biyo jirgi, a garinku ake sauke shi a ɗora wa mota, abin da zai gangara kudu kuma a nan ake loda shi. Ka sami wuri a wajen shingen tasha inda ba ka saɓa wa doka ba, ka tsaya da littafi da alƙalami, ka rubuta irin taragun da ke shigowa da yadda aka jera su. Kada ka ɗauki hoto sai da izinin ma'aikata. Abin da idonka ya gani shi ne jerin sayayyarka.

Za ka ga taragun tanki masu kawo man fetur da gas-oil, waɗanda kan zo a jere da yawa kusan duk kama ɗaya. Za ka ga shimfiɗaɗɗun taragu marasa bango masu ɗaukar kwantena, da rufaffun taragu masu ƙofa a gefe da ake zuba wa buhunan shinkafa da fulawa da sukari da takin zamani. Wajen komawa kudu akwai dilolin auduga na yankin Garwa da na kudancin Chadi, akwai kuma taragun shanu, waɗanda ba mutumin Adamawa da zai gina tasha ya bar su a baya. Taragun gungumen katako sun fi zama alamar Belabo, don haka idan tasharka Ngaundere ce, ba su ne na gaba a layi ba. Ni a ganina ka fara da shimfiɗaɗɗun taragu uku ko huɗu, domin tarago ɗaya irin wannan yana iya ɗaukar kwantena yau, gobe ya ɗauki tarakta ko bututu, kuma shi ne zai haɗa jirginka da motocin da za ka ajiye a filin tasha. Bayan su sai tankoki, sannan rufaffu.

Kuskuren da sababbin masu tarawa suka fi yi shi ne sayen ɗaiɗai daga kowane iri, wannan ja, wancan shuɗi mai tallan kamfani, wani kuma na jirgin Amurka mai rubutu manya-manya, har su cika akwati da taragu ashirin waɗanda ba biyu da suka taɓa tafiya a jirgi ɗaya. Jirgin kaya na gaskiya maimaici ne. Tankoki biyar masu launi ɗaya a bayan kan jirgi sun fi kama da abin da ke shigowa Ngaundere fiye da taragu goma mabambanta, ko da kuwa kowanne daga cikin goman ya fi tsada. Idan ka sami iri ɗaya guda uku a hannun mai sayarwa, ka kwashe su tare, domin da wuya ka sake samun irinsu daga baya. Zamani ma abin lura ne. Kamfanonin Turai suna rubuta zamanin tarago a kwali da lambobin Romawa daga I zuwa VI, kuma tun da jirgi bai iso garinku ba sai 1974, abin da ya dace da kai shi ne IV da V da VI. Ƙananan taragun katako na zamanin jirgin gawayi ba su da gurbi a tasharka. Haka nan ka fifita dogayen taragu masu bogi, wato ƙafafu huɗu a kowane ƙarshe cikin firam mai juyawa, a kan gajeru masu sanda biyu, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu, da suka cika kasuwannin Turai, saboda masu bogin ne suka yi kama da na layinmu.

Yawan taragu kuwa, teburinka ne zai faɗa maka. A kan falankin katako mai tsawon santimita 244 da faɗin 122, layin ajiye taragu da wuya ya wuce santimita 120. Idan kan jirgi ya ci 20, kowane tarago kuma ya ci kimanin 16, taragu shida ne za su shiga. Jirgi biyu masu taragu shida-shida da wasu uku ko huɗu da ke tsaye ana loda su sun ishe ka aiki na tsawon lokaci. Abin da ya wuce haka a cikin akwati zai zauna.

Akwai magana ɗaya da ya kamata ka sani tun yanzu. Layin Kamaru faɗinsa mita ɗaya ne, alhali layin HO yana kwaikwayon na Turai mai milimita 1,435. Wanda yake son daidaito sosai yakan koma HOm, inda jikin tarago yake a ma'aunin 87 amma layin milimita 12 ne, kuma kamfanin Bemo na Jamus ya yi suna a wannan fanni, sai dai yawancin kayansa na jiragen Suwizalan ne, suna da tsada, samunsu kuma a nan ba sauƙi. Shawarata ita ce ka zauna a kan HO, ka sayi taragun Jouef ko Roco ko Piko ko Lima masu siffar da ta yi kusa da namu, ka sake musu fenti, ka rubuta musu lamba da hannunka. Wanda ya san tashar Ngaundere zai gane ta daga jerin taragun da launinsu tun kafin ya tuna da faɗin layi.

Daga wani mai gyaran rediyo a Garwa: Malam, barka da aiki. Na sayi taragu bakwai a shagon gwanjon kayan Turai. Biyu daga ciki da zarar na ɗora su a layi sai jirgin ya tsaya cak, taransifoma ta fara zafi. Wasu kuma suna sauka daga layi a kwana, ɗaya ma ƙugiyarsa ba ta kama ta sauran. Shin asara na yi?

Ba ka yi asara ba, ɗan'uwa, kuma sana'arka za ta sauƙaƙa maka gyaran. Taragu biyun nan ka juya su, ina kyautata zaton za ka ga an rubuta Märklin. Tsarin wannan kamfani na HO ya bambanta da na sauran: wuta tana bi ta wasu ƙananan ƙusoshi da ke tsakiyar layi, ƙarafan gefe biyu kuma duk ɓangare ɗaya ne, saboda haka ba a raba ƙafar dama da ta hagu da roba ba. Layinka kuwa ƙarfe ɗaya ne ke kai wuta ɗaya ke dawo da ita, to da ka ɗora irin wannan tarago sai sandar ƙafa ta haɗe su. Ka sa mitarka a kan ƙafafu biyu na sanda ɗaya, idan ta nuna wuta na wucewa, ka gano ciwon. Magani shi ne a cire sandunan a sa waɗanda ke da roba a cibiyar ƙafa, kuma kafin ka yi oda ka auna tsawon sandar daga tsini zuwa tsini da faɗin ƙafar, domin kowane kamfani da nasa awon. Kada ka sake barin su a layi taransifoma na kunne.

Sauka daga layi kuwa kusan kullum daga ƙasa yake farawa, don haka duk mai sayen taragon gwanjo ya fara duba bogi kafin fenti. Ka riƙe taragon a tafin hannu ka juya kowane bogi da yatsa. Ya kamata ya juya ba tare da tirjiya ba, ɗaya daga cikin biyun kuma ya ɗan yi lilo gefe da gefe domin ya bi rashin daidaiton layi. Idan sukurun da ke riƙe da shi ya ɗaure da yawa, ka sassauta shi kaɗan. Daga nan ka auna tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan ƙafa, wadda a HO take kusan milimita 14 da rabi. Idan ta matse, ƙafar za ta hau ƙarfen da ke wajen sauya layi, idan kuma ta buɗe da yawa za ta daki tsinin mararrabar. Ana gyara ta da murɗa ƙafar a hankali a kan sandarta. Tsofaffin taragun Lima da Jouef suna da dogon leɓe a ƙafa, wanda kan riƙa bugun ƙusoshin layi na zamani mai gajeren ƙarfe, kuma za ka ji ƙarar da kunnenka. Su ma canjin ƙafa ne maganinsu.

Sai nauyi. Tarago marar nauyi da aka sa a tsakanin masu nauyi, idan jirgi ya shiga kwana, jan da ake yi masa gaba da baya yakan fizge shi zuwa cikin kwanar. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa a 1935, ta ba da shawarar cewa taragon HO ya kai kimanin giram 28, a ƙara giram 14 a kan kowane santimita biyu da rabi na tsawonsa, wato tarago mai santimita 15 ya kai wajen giram 113. Taragun Turai sukan zo da ƙasa da haka, kuma ba dole ba ne ka kai wannan adadi idan kan jirginka ƙarami ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne taragun jirgi ɗaya su yi kusa da juna a nauyi. Ka manna wosha ko noti a cikin taragon, a ƙasa sosai kuma a saitin bogi, kada a sama. Ma'aunin masu sayar da zinariya ko na kicin ya isa wannan aiki. Kwana ma tana da iyaka: mafi ƙanƙantar kwanar da ke zuwa da akwatunan Turai tana da santimita 36 daga tsakiya, dogon tarago kuma yana wahala a kanta.

Ƙugiya ita ce matsala mafi sauƙi idan taragon na zamani ne, domin Turawa sun daidaita wani ɗan aljihu a ƙarƙashin tarago mai suna NEM 362, wanda ake zare ƙugiya daga ciki a cusa wata. Idan tsoho ne marar aljihu, ko na Amurka mai ƙugiya irin ta kamfanin Kadee, ka ware tarago ɗaya ka sa masa iri ɗaya a gaba, wani irin a baya, ya zama mahaɗi tsakanin ɓangarorin biyu. Ka kuma tabbata duk ƙugiyoyin tsayinsu ɗaya daga kan layi, domin wadda ta sunkuya takan maƙale a wajen sauya layi ta kayar da jirgi.

Daga wani tsohon direban tirela a Injamena: Salamu alaikum. Shekaruna na aiki duk a kan hanyar Ngaundere zuwa Injamena na yi su. Mu a Chadi ba mu da jirgin ƙasa, amma jikana ya shimfiɗa nasa a falo, ni kuma na ɗauki nauyin motocin. Na sayo masa tireloli a kasuwa, sai muka ga sun fi taragun girma. Yaya ake gane wadda ta dace?

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya raya jika. Ai motocinku su ne ci gaban layin dogo, domin daga inda ƙarfe ya ƙare a Ngaundere ku ne kuke ɗauka, ku gangara dutsen nan mai kwane-kwane, ku ƙetare Binuwai a Garwa, ku wuce Marwa zuwa Kusiri, ku haye gadar Ngeli. Tashar kaya da ba motoci a filinta ba ta cika ba.

Motocin wasa na kasuwa ba a yi su da ma'auni ɗaya ba. Yawancin ƙananan motoci irin na Majorette da Matchbox suna kusa da ragin sau 64, manyan motocinsu kuma akan rage su yadda za su shiga kwali ne kawai, wasu tirelolin ado kuma sau 50 ne. Hanyar ganewa ita ce Alhaji ya riƙa zuwa kasuwa da rula a aljihu. Babbar mota faɗinta mita biyu da rabi ne, wanda idan aka raba sau 87 zai ba da santimita 2.9. Wadda ta kai santimita 4 ko 5 a faɗi ta yi girma. Kwantena mai ƙafa 20 tsawonta santimita 7 ne a wannan ma'auni, mai ƙafa 40 kuma santimita 14, tirela da kanta gaba ɗaya wajen santimita 19. Mutum kuwa bai wuce santimita 2 ba, don haka idan aka tsayar da ɗan mutum-mutumin tasha kusa da ƙofar direba za a ga ko sun dace. Kamfanonin da suka shahara da motocin ragin 87 su ne Herpa da Wiking da Brekina da Busch, duk na Jamus, kuma a cikin kayansu ana samun Mercedes da MAN da DAF da Renault, har da tsofaffin Mercedes masu gajeren hanci da Berliet waɗanda Alhaji ya san su tun suna sababbi a hanya. Motocin Ingila na OO a bar su, saboda sun ɗan fi girma kuma sitiyarinsu a dama yake.

Waɗanda aka riga aka saya ba za a zubar ba. Mota da ta ɗan fi girma a ajiye ta a bakin tebur kusa da mai kallo, nesa da taragu, wadda ta ɗan ƙanƙanta kuma a kai ta can ƙurya, ido zai ɗauka nisa ne. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a jingina babbar da tarago ana loda ta.

A nan ne kuma Alhaji yake da abin da kuɗi ba sa saya. Motocin da ke fitowa daga kwali tsaf suke, masu tallan kamfanonin Turai, ba su yi kama da motar da ta kwana uku a hanya ba. Alhaji ya san inda ake rataye jarkar ruwa da buta, ya san akwatin kayan aiki da tayar safaya, ya san yadda ake ɗaure tamfol da yadda lodin buhu yake tashi sama da bodi, da irin addu'ar da ake rubutawa a goshin mota. Dilar auduga ana yin ta da guntun katako mai tsawon santimita ɗaya da 'yan kai, a naɗe da farin ƙyalle a ɗaure da zare. Buhuna ana murza su da yumɓu ko a yanka daga sabulu. Tamfol kuwa takarda ce marar kauri da aka jiƙa da gam mai ruwa, a lulluɓa a kan lodin tana da danshi, idan ta bushe a shafa mata kore ko shuɗi, za ta riƙe lanƙwasa kamar ta gaske. Wanda ya ƙera motar kara da hannunsa yana yaro ba zai sha wuya a wannan aiki ba. Ƙurar hanya ana yin ta da garin alli mai launin ƙasa, a shafa da busasshen buroshi a tayoyi da ƙasan bodi. Idan za a yi amfani da jar ƙasa ta gaske a filin tasha, a tankaɗe ta, a bi ta da maganaɗisu tukuna, sannan a manne ta da gam sosai, domin ɓurɓushin ƙarfen da ke cikinta injin jirgi yana jawo shi ya lalace. Yawan motoci kuma kada ya rinjayi taragu: tireloli uku ko huɗu a layin lodi, tanka ɗaya, da motar shanu ɗaya a bakin dakali sun wadatar.

Daga wata uwa a Marwa: Malam, ɗana mai shekara goma sha biyu ya gaji taragu daga kawunsa. Ƙurar hunturu ta shige su, ɗaya kuma ya lanƙwashe bayan an bar shi a taga. Yaya za mu adana sauran?

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Wanda ya lanƙwashe rana ce ta taɓa shi, kuma da wuya ya koma daidai, amma kada a yar da shi, a cire ƙafafunsa da ƙugiyoyinsa a ajiye domin gyaran wasu. Robar da ake yin taragu da ita ba ta jure zafin bazara irin namu na watan Maris da Afrilu idan rana ta doke ta kai tsaye, ko aka bar ta a cikin mota a rufe, ko dab da rufin kwano. A sama musu wuri a ƙasa-ƙasa cikin ɗaki mai inuwa. Kowane tarago a naɗe shi da ƙyalle mai laushi ko farar takarda, a jera su a akwati mai murfi ba tare da an ɗora wani a kan wani ba. Jarida ba ta dace ba, domin tawadarta tana kama fenti. Teburin kuma a riƙa rufe shi da zane duk lokacin da ba a wasa.

Ƙura ana kakkaɓe ta da buroshi mai laushi irin na kwalliya. Baƙin dattin da ke taruwa a ƙafafu a goge shi da auduga da aka ɗan jiƙa da sifirit na kemis, kuma a nisanta fetur da tina daga wurin, saboda suna narkar da roba. Kada a ɗiga wa ƙafafun tarago man keke ko man gyaɗa, domin mai yana kama ƙura ya zama laka. Idan sanda tana tirjiya, a goga bakin fensir a tsininta, ya isa. A koya wa yaron ɗaukar tarago ta gefe biyu na ƙasa da yatsu biyu, kuma a kiyaye ƙananan sassan daga ƙannensa masu sa abu a baki.

Daga wani ɗalibi a Kusiri: Malam, kuɗina kaɗan ne. In sayi sabo ɗaya ta intanet ko tsofaffi da yawa?

Ɗana, ka sayi tsofaffi, amma masu lafiyar ƙafa. Taragon kaya ba shi da inji, saboda haka tsohon da bai karye ba yana aiki kamar sabo, kuma tun da fenti za ka sake masa, ƙujewar jiki ba aibi ba ce, hanya ce ma ta neman ragi. Ka riƙa tafiya da guntun layi guda a jaka. Ka ɗora taragon a kai, ka ɗaga gefe ɗaya kaɗan, idan ya gangara da kansa ba tare da rawa ba ka saya. Ka guji wanda gindinsa na ƙarfe ya kumbura ko ya tsattsage, domin wannan ciwo ne na gurɓataccen tutiya da ke ci gaba har ƙarfen ya ruɓe, ba shi da magani.

Idan ta intanet ne, ka yi lissafi da sefa kafin ka yi sha'awa. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, don haka taragon yuro 20 ya haura sefa dubu goma sha uku tun ba a sa kuɗin aikowa da na kwastan ba, kuma sau da yawa kuɗin aiko tarago ɗaya yakan yi kusa da kuɗin taragon kansa. Gara ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi oda ɗaya, ko ku jira mai dawowa daga tafiya. Ka nemi mai sayarwa ya turo hoton ƙarƙashin taragon da na ƙarshensa biyu, ka tabbatar da ma'auni da irin ƙafa da irin ƙugiya. Idan akwatin ya haɗa da taransifoma daga Amurka, ka tuna tasu ta wutar 120 ce, tamu kuwa 220, sai an sa mata abin rage wuta kafin a jona. Ka kuma buɗe ɗan littafi ka rubuta kowane tarago da kamfaninsa da nauyinsa da gyaran da yake jira, ka riƙa duba shi kafin ka shiga kasuwa, domin ka san ko tanki na huɗu kake nema ko sandunan ƙafa na ukun da kake da su.